Yadda Ake Tsara Karatu Domin Ɗaga Maki a Jarrabawar GMAT

GMAT ita ce jarrabawar da makarantun koyon kasuwanci da gudanarwa a Amurka, Ingila, Faransa da wasu ƙasashe masu yawa suke duba sakamakonta kafin su ba mutum gurbin karatun digiri na biyu, musamman digirin MBA, wato na fannin gudanar da kasuwanci. Hukumar GMAC ce take da ita, kuma a watan Nuwamban 2023 ta fito da sabon tsari wanda ya maye gurbin tsohon gaba ɗaya a farkon shekarar 2024. A wannan tsari akwai sashe uku, kowane ɗaya minti 45: sashen lissafi mai tambaya 21, sashen fahimtar rubutu da auna hujja mai tambaya 23, da sashen nazarin bayanai mai tambaya 20. Kowane sashe ana ba shi maki daga 60 zuwa 90, jimillar kuma tana kamawa daga 205 zuwa 805, kuma dukkan sassan ukun nauyinsu ɗaya ne wajen haɗa jimillar.

Na daɗe ina shirya ɗalibai domin wannan jarrabawa, kuma abin da nake gani a kai a kai shi ne mutum ya warware ɗaruruwan tambayoyi amma makinsa bai motsa ba, saboda yana duba amsa ne kawai ya wuce. Wanda makinsa yake hawa shi ne wanda yake zama ya binciki kowane kuskure har ya gano tushensa. A kan wannan aka gina dukkan matakan da ke ƙasa.

Kayan da za ka tanada

Na farko, ka buɗe asusu a shafin mba.com, wanda shi ne shafin hukumar, domin a can ake rajista kuma a can ake samun cikakkun jarrabawar gwaji guda biyu kyauta tare da wasu tambayoyin somin-taɓi. Akwai wasu gwaje-gwajen guda huɗu da ake saya, amma ba sai ka saye su tun farko ba.

Na biyu, ka nemi littafin GMAT Official Guide, bugu na kwanan nan, saboda tambayoyin cikinsa na ainihi ne waɗanda aka taɓa fitowa da su a jarrabawa. Idan tsohon bugu ka samu, na kafin sauyin tsari, kada ka jefar da shi: ka tsallake tambayoyin gyaran jimla, da na lissafin siffofi da kusurwoyi, da rubutun insha'i, domin duk an cire su, sauran kuwa suna nan da amfaninsu.

Na uku, kwamfuta da linzaminta. Waya tana isa wajen bitar ƙa'idoji a cikin mota ko a wurin jira, amma tambayoyin jadawali da zane ba sa koyuwa a ƙaramar fuska. Idan ba ka da kwamfuta, ka yi aikin yau da kullum da littafi, sannan ka ari ta wani ko ka je shagon intanet mai natsuwa a ranakun gwaji. Ka tabbata batirinta zai riƙe sa'a uku, ko kuma kana da wata hanyar samun wuta, domin gwajin da ɗaukewar wuta ta raba shi biyu ba zai nuna maka gaskiyar matsayinka ba.

Na huɗu, littafin rubutu guda biyu, ɗaya na aiki ɗaya na kurakurai, da agogo mai ƙidayar minti, da ƙaramin farin allo da alƙalamin rubutu a kansa, wato maka, mai siririn baki. A cibiyar jarrabawa ba a ba da takarda da fensir. Shafuka masu santsi ake bayarwa tare da alƙalamin maka, don haka gara hannunka ya saba tun yanzu. Daga ƙarshe ka duba fasfo ɗinka ka ga bai ƙare ba, kuma idan ka zo rajista ka rubuta sunanka daidai da yadda yake a cikinsa, harafi da harafi.

Mataki na 1: Ka san makin da kake nema da ranar da kake buƙatarsa

Ka zaɓi makarantu uku zuwa biyar, ka shiga shafin kowace ka duba bayanin ɗaliban da ta ɗauka a shekarar da ta gabata, domin galibinsu suna wallafa matsakaicin makin ajin. Wannan lamba, ko ɗan abin da ya ɗara ta, ita ce abin da za ka sa a gaba. Ka lura da wane ma'auni aka rubuta ta: makin tsohon tsari yana ƙarewa da sifiri, na sabo kuma yana ƙarewa da 5, kuma 645 a sabon tsari yana daidai da 700 a tsohon. Mutane da yawa suna karaya ba gaira ba dalili saboda suna kwatanta makinsu na yau da lambobin tsohon ma'auni.

Sannan ka duba ranar rufe karɓar takardu. Manyan makarantun Amurka sukan rufe zagaye na farko a watan Satumba, na biyu kuma a Janairu. Daga wannan rana ka ƙirgo baya ka bar aƙalla wata guda da rabi tsakaninta da ranar jarrabawarka, domin idan sakamako bai yi daɗi ba sai bayan kwana 16 ake barin mutum ya sake zama, kuma ba a wuce sau biyar a cikin wata goma sha biyu. Sakamakon yana aiki har shekara biyar, saboda haka babu asara idan ka rubuta da wuri.

Mataki na 2: Ka yi gwajin farko

Ka ɗauki kwana biyu ko uku kana duba nau'o'in tambayoyi don kada siffarsu ta zo maka a baƙuwa, sannan ka zauna ka yi gwaji na ɗaya na shafin hukumar, gaba ɗayansa a zama guda, sa'a biyu da minti 15, da hutun minti goma sau ɗaya kamar yadda ake bayarwa a ainihin jarrabawa. Ka kashe waya, kada ka tsayar da agogo, kada kuma ka taɓa kalkuleta a sashen lissafi, domin a sashen nazarin bayanai ne kaɗai ake ba da ita. Wasu suna jinkirta wannan gwaji har sai sun ji sun shirya, wannan kuwa kuskure ne babba, domin ba za ka iya tsara karatu ba alhali ba ka san inda kake ba. Idan ka riga ka taɓa zama ainihin jarrabawar, rahoton sakamakonka ya isa ya tsaya a madadin wannan gwaji, tunda yana nuna ƙoƙarinka a kowane nau'in tambaya da lokacin da ka kashe a kan kowace.

Mataki na 3: Ka buɗe littafin kurakurai

Wannan shi ne ginshiƙin aikin, kuma a nan nake so ka fi ba da lokaci. Ka raba kowane shafi gida biyar: kwanan wata da lambar tambaya, nau'inta, mintin da ka kashe a kanta, dalilin kuskuren, da abin da za ka yi dabam idan irinta ta sake zuwa. Tambayoyi iri uku ne suke shiga littafin, wato wadda ka faɗi, da wadda ka ci da canka, da wadda ka ci amma ta cinye maka fiye da minti uku. Biyun ƙarshe su ne ɗalibai suka fi mantawa da su, alhali su ne suke jiran mutum ranar jarrabawa.

Gidan dalili shi ne mafi wahalar cikewa, kuma ba na karɓar “ganganci” ko “ban lura ba” a matsayin dalili, domin ba su nuna abin da za a gyara ba. Kuskure yakan fito ne daga ɗayan wurare huɗu: ba ka san ƙa'idar ba, ko ka san ta amma ba ka gane cewa ita ake nema ba, ko ba ka karanta abin da aka tambaya da kyau ba, ko kuma lokaci ya ƙure maka. Kowane ɗaya maganinsa dabam ne. Ga misali: an ce farashin kaya ya tashi da kashi 20 cikin ɗari, daga baya ya sauka da kashi 20 cikin ɗari, ɗalibi ya amsa cewa farashin ya koma yadda yake. Idan ka ɗauki 100, tashin ya kai shi 120, saukar kuma kashi 20 ne na 120, wato 24, sai ya tsaya a 96. Abin da ɗalibin zai rubuta a gidan dalili shi ne, “Na ɗauki kaso na biyu daga farashin farko maimakon sabon farashi,” a gida na biyar kuma ya rubuta, “Duk inda aka jera canjin kaso biyu, zan fara da 100 in bi su ɗaya bayan ɗaya.” Wannan jimla guda za ta cece shi a tambayoyin riba, da na ragi, da na kuɗin ruwa, da na ƙaruwar jama'a.

Kafin ka buɗe bayanin amsa, ka sake gwada tambayar ba tare da agogo ba. Idan ka ci ta a karo na biyu, matsalarka ta lokaci ce ko ta natsuwa. Idan ka sake faɗi, ta sani ce. Bayan kwana huɗu ko biyar ka koma kan tambayar nan ka warware ta daga farko ba tare da ka duba abin da ka rubuta ba, kuma kowace ranar Lahadi ka karanta littafin tun daga shafin farko ka ƙirga dalilin da ya fi maimaituwa, domin shi ne zai zama aikin makon da ke tafe.

Mataki na 4: Ka raba makonninka

Ga mai aiki, shawarata ita ce mako goma sha biyu, da sa'a ɗaya da rabi a kowace ranar aiki, da sa'a uku ko huɗu a ɗayan ranakun ƙarshen mako, da rana guda ta hutu cikakke. Bayan sallar asuba ya fi bayan tashi daga aiki nesa ba kusa ba, saboda wannan jarrabawa ta tunani ce, kuma ƙwaƙwalwar da ta gaji ba ta riƙe komai. Makonni biyar na farko na gyara tushe ne, darasi ɗaya bayan ɗaya, kana farawa da tambayoyi masu sauƙi har sai kana cin tara cikin goma kafin ka hau na matsakaita. Daga mako na shida zuwa na tara ka riƙa gauraya tambayoyi kana yin su da agogo. Ukun ƙarshe na cikakkun gwaje-gwaje ne da toshe ɓarakar da suka nuna.

A kowane zama, rabin lokaci na warware tambayoyi ne, rabi kuma na bita. Kimanin rabin sa'o'in mako ka ba sashen da ka fi rauni, sauran ka raba wa biyun, domin sashen da aka yi watsi da shi na mako uku yakan ja baya. Idan mako shida kawai gare ka, ka taƙaita gyaran tushe zuwa darussa uku da suka fi cika littafin kurakuranka. Idan kuwa tazarar da ke tsakanin gwajinka na farko da burinka ta wuce maki ɗari, ka ba kanka wata huɗu zuwa shida, ko da hakan zai sa ka koma zagaye na gaba.

Mataki na 5: Ka ba kowane sashe irin aikin da yake so

Lissafin da ake tambaya bai wuce na sakandare ba: kaso cikin ɗari, rabo, matsakaici, saurin tafiya da saurin aiki, halayen lambobi, aljebra, da ɗan lissafin yiwuwar aukuwar abu. Wahalarsa tana cikin yadda ake lulluɓe tambayar da labari, da kuma rashin kalkuleta. Ka haddace jadawalin sau har zuwa 15, da ninkin kowace lamba da kanta har zuwa 20, da yadda rabi, sulusi, rubu'i, humusi da sumuni suke komawa kaso cikin ɗari. Ka koyi gwada amsoshin da aka ba ka a cikin tambayar, kana farawa da ta tsakiya, domin sau da yawa hakan ya fi kafa lissafin aljebra sauri.

Sashen fahimtar rubutu da Turanci yake, don haka wanda ya yi karatunsa da Faransanci, kamar 'yan'uwanmu na Nijar, ko wanda ya daɗe bai karanta dogon rubutu ba, ya ware minti ashirin kullum yana karanta maƙala mai nauyi a kan tattalin arziki, kimiyya ko tarihi, kuma bayan kowane sakin layi ya faɗi manufarsa a jimla ɗaya. A tambayoyin auna hujja, ka fara gano matsayar da marubucin ya kai, sannan dalilin da ya kafa, sannan zaton da ya ɓoye a tsakaninsu bai furta ba. A ce wani kamfanin yadi ya fara talla a rediyo, cinikinsa ya ƙaru a watan, sai manajan ya yanke cewa tallar ce ta jawo. Zaton da ya ɓoye shi ne babu wani abin da ya canza a watan. Amsar da za ta raunana maganarsa ita ce wadda ta nuna cewa watan ya zo daidai da gabatowar sallah, lokacin da kowane mai yadi yake ciniki. Amsar da ta ce tallar ta yi tsada kuwa, ko da gaskiya ce, ba ta taɓa matsayar ba, kuma irinta ce ta fi kama ɗalibai. A littafin kurakurai ka riƙa rubuta dalilin da ya sa kowace daga cikin amsoshi huɗun da ba daidai ba ta faɗi.

Sashen nazarin bayanai shi ne aka fi rainawa, alhali sulusin maki yana wurinsa. A cikinsa akwai jadawali, da zane, da bayanai daga majiya biyu ko uku da za ka haɗa, da tambayoyi masu amsa biyu, kuma tambayar da take da rassa sai ka ci dukkan rassan kafin a ba ka makinta. Kafin ka taɓa lissafi ka karanta kan jadawalin da ma'aunin da aka yi amfani da shi, ko dubbai ne ko miliyoyi, ko adadi ne ko kaso. A nan ne kuma ake samun tambayoyin isar bayani, inda ake ba ka tambaya da bayani biyu, a ce ka faɗi ko sun isa a amsa ta. Misali, an tambayi ribar wani kanti kashi nawa ce cikin ɗari na cinikinsa. Bayani na ɗaya ya ce cinikin ya ɗara abin da aka kashe da kashi 25 cikin ɗari, na biyu ya ce an kashe dala 8,000. Ɗalibi mai gaggawa zai ce sai an haɗa biyun, amma na ɗaya kaɗai ya isa, domin idan an kashe 100 ciniki 125 ne, riba 25, wato kashi 20 cikin ɗari na cinikin, ko nawa ne ainihin kuɗin. Ƙa'idar ita ce ka auna bayani na ɗaya shi kaɗai, sannan ka manta da shi sarai ka auna na biyu shi kaɗai, kuma kada ka haɗa su sai idan kowane ya gaza.

Mataki na 6: Ka horar da kanka a kan lokaci

Kowace tambaya tana da kimanin minti biyu. Maimakon kallon agogo a kowane lokaci, ka kafa shingaye biyu: a sashen lissafi, idan ka gama tambaya ta 7 ya kamata minti 30 su rage, idan ka gama ta 14 kuma minti 15. Ka yi irin wannan rabon a sauran sassan. Jarrabawar tana sauya wahalar tambaya gwargwadon yadda kake amsawa, don haka kowa, har gwani, zai haɗu da tambayar da ta fi ƙarfinsa. Idan minti biyu da rabi suka wuce ba ka ga hanya ba, ka cire amsoshin da ka tabbata ba su ba ne, ka zaɓi ɗaya, ka sa wa tambayar alama, ka wuce. Idan ka gama sashe da sauran lokaci za ka iya komawa ka duba duk tambayar da kake so, amma amsa uku kawai ake barin ka canza a kowane sashe. Barin tambayoyi babu amsa yana rage maki sosai, saboda haka ko minti ɗaya ya rage ka tabbata ka kai ƙarshe.

Mataki na 7: Cikakkun gwaje-gwaje

A makonni ukun ƙarshe ka yi gwaji ɗaya a kowane mako, a daidai sa'ar da za ka zauna ainihin jarrabawar, sannan ka ba washegari gaba ɗaya ga bitarsa. Yin gwaji kowace rana ɓarna ce, domin gwaji awo ne, kuma yawan ɗora buhu a kan sikeli ba ya ƙara masa nauyi. Kai ne kake zaɓar jerin sassan, kuma kana iya ɗaukar hutun bayan sashe na ɗaya ko na biyu, don haka ka gwada jeri biyu mabambanta ka tsaya a kan wanda ya fi maka. Gwaje-gwajen kamfanoni masu zaman kansu suna da amfani wajen sabawa da zama, amma makin gwajin hukumar kaɗai za ka dogara da shi wajen yanke shawarar ko ka shirya. Idan gwaji biyu a jere suka kai ka kusa da burinka, ka riƙe ranarka. Idan har yanzu da tazara mai yawa, ɗage ranar tun da wuri ya fi sake biyan kuɗin rajista sauƙi.

Mataki na 8: Makon ƙarshe, da abin yi idan maki bai kai ba

A makon ƙarshe kada ka fara sabon darasi. Ka karanta littafin kurakuranka, ka warware tambayoyi goma zuwa goma sha biyar a rana don hannu ya ci gaba da tafiya, ka daidaita barcinka da sa'ar jarrabawa, kuma ka san hanyar cibiyar tun kafin ranar. Ana iya rubutawa daga gida ta intanet, amma ba na ba da wannan shawara ga wanda ba shi da tabbacin wuta da layi mai ƙarfi da ɗakin da ba wanda zai shigo.

Da ka gama za ka ga makinka a fuskar kwamfuta, cikakken rahoto kuma yakan iso asusunka bayan 'yan kwanaki, kuma sai bayan ka ga makin ne kake zaɓar makarantun da za a aika wa. Idan bai kai ba, ka huta kwana biyu, sannan ka ajiye rahoton kusa da littafin kurakuranka ka kwatanta su. Idan makin ya faɗi ƙasa da abin da kake samu a gwaji, kuma rahoton ya nuna ka daɗe a kan tambayoyi biyu ko uku sannan ka yi gudu a ƙarshe, matsalar ta lokaci ce, kuma mako uku na aikin mataki na 6 sun isa kafin ka sake zama. Idan kuwa makin ya yi daidai da na gwaje-gwajenka, to akwai darussan da ba su zauna ba, sai ka ɗauki biyu ko uku da rahoton ya nuna sun fi rauni, ka koma da su mataki na 4 na tsawon mako shida zuwa takwas, kuma kada ka sake rajista sai wani sabon gwajin hukumar, wanda ba ka taɓa gani ba, ya nuna cewa makin ya motsa.